Ba'amurkiyar Yaya Haladu

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar wana, Haladu direba na Badarawa. Da damina ne, irin wannan lokaci. Duk shekara idan watan ya zagayo ba na ce wa kowa komai. Nakan je maƙabarta in yi masa addu'a, in dawo in hau kekena mai ƙafa uku na haya in ci gaba da neman abin da za a ɗora a tukunya. Bana ne na kasa yin shiru. Dalili kuwa, ɗansa Nasiru ya kira 'yan gwangwan, masu sayen mataccen ƙarfe, ya ce su zo su yanka motar ubansa su kwashe. Ni kuma na faɗa masa a gaban uwarsa cewa duk wanda zai yanka motar nan sai dai ya fara ta kaina.

Ni ba ɗan boko ba ne, a aji biyu na sakandare na ajiye karatu, kuma ban iya kwana-kwana a magana ba. Wanda ya san Haladu zai gane abin da nake faɗi. Wanda bai san shi ba, in dai ya zauna tsakanin Badarawa da Unguwar Sarki da Kawo a waɗancan shekaru, to ya san motarsa. Doguwa ce, ruwan ƙasa, mai faɗin ƙirji kamar kwale-kwale, ƙofarta ta baya tana buɗewa gefe guda kamar ƙofar ɗaki. Shi yana kiranta Ba'amurkiya. Mutanen unguwa suna da wani suna daban da suke kiranta da shi, zan zo kansa.

Haladu direban gwamnati ne. An haɗa shi da wani Bature ɗan Amurka, masanin aikin gona, da aka ba gida a Unguwar Rimi, ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka da shi. Baturen da motarsa ya zo daga ƙasarsu. Da aiki ya ƙare ya koma gida, motar ta shiga gwanjo, babu wanda ya ɗaga hannu sai Haladu. A lokacin nan kowa a Kaduna motar Faransa yake so, wadda ake haɗawa a ƙetaren kogi, kayan gyaranta ko mai shayi ka tambaya zai nuna maka inda ake samu. Abokansa suka yi ta yi masa dariya, wai ya sayo rijiyar zuba fetur. Ko kallonsu bai yi ba.

Daga bakin Baturen nan ya kwaso tarihin kamfanin da ya ƙera motar, mu kuma 'yan gida muka sha labarin har ya ginshe mu. Wai wani ɗan manomi ne ya kafa shi, yaron da ya tsani aikin gona, ya fi son ya kwance agogo ya mayar. Ya haɗa motarsa ta farko a wata 'yar rumfa a bayan gida. Da ya gama sai ya ga ta fi ƙofar faɗi, sai ya ɗauko gatari ya fasa bangon. In Haladu ya zo daidai nan sai ya bugi cinyarsa ya ce, "Ka ji namiji! Bai rage motar ba, bangon ya rage." Daga nan wai mutumin ya ce mota ba ta masu kuɗi ba ce su kaɗai. Ya tsara masana'antarsa yadda mota za ta riƙa tafiya a kan layi tana wucewa ta gaban ma'aikata, kowa ya ɗaura abu guda ta yi gaba. Farashi ya sauko har manomi ya saya, ya kuma ƙara wa leburorinsa lada don su ma su samu su saya. Ni nakan ce, "Yaya, ai wayo ne, ya ba su da dama ya karɓe da hagu." Sai ya ce, "Isuhu, kai ko gidan aljanna aka nuna maka sai ka tambayi wanda ya ci kwangilar ginin."

Abin ya samo asali tun daga mahaifinmu. Daga Katsina ya shigo garin nan yana yaron mota a wata babbar motar wannan kamfani, mai bodin katako, suna ɗauko gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgin ƙasa. Tsoho yakan ce motar nan ba ta taɓa kwana da su a daji ba. Da wannan magana a kunne Haladu ya tashi. Shi ya sa ranar da ya ga tambarin kamfanin a goshin motar Bature, ji ya yi kamar ya haɗu da wani ɗan'uwa da aka daɗe ana ba shi labari.

Masu motocin kamfanin a wannan ɓangare na Kaduna ba su da yawa, kuma duk sun san juna, don wuri ɗaya suke haɗuwa, wajen wani tsohon bakanike a Fanteka wanda shi kaɗai ne ba ya tsoron buɗe injinsu. Akwai wani tsohon soja daga Kawo mai a-kori-kura, yana rantsuwa tasa ta taɓa janyo tirela daga taɓo. Akwai wani Alhaji da ke cewa ya ciyar da gida mai mutum da yawa amma bai taɓa ganin acici irin motarsa ba, daga ƙarshe kaji ya zuba a cikinta. Yabonsu ɗaya ne, kukansu ma ɗaya. Ga ƙarfi, ga laushi a hanya kamar kana kan katifa, amma ba ta wuce gidan mai ba ta gaisa ba. Ɗan ƙaramin abu ya lalace sai ka yi ta jira a kawo daga Legas, ko bakanike ya sassaƙa na motar Japan ya cusa da addu'a. In motar ɗayansu ta mutu, sauran su taru su raba kayanta kamar gado. Ba'amurkiya ta ci gadon ƙawayenta kaf, har ta rage ita kaɗai.

Yanzu ga yadda ta samu ɗayan sunan. Wani lebura ɗan Zamfara ya rasu a ɗakin haya a bayan layinmu, ba shi da kowa a garin. Mutum ne dogo ƙwarai. Aka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi, sai ruwa ya kece. Maƙabarta da nisa, waɗanda suka taru kuma ba su kai yawan da za su yi ta karɓa-karɓa a kafaɗa ba. Aka gwada motar wannan, makara ta ƙi shiga. Aka gwada ta wancan, rabi a waje. Haladu ya je ya kwantar da kujerun bayan motarsa, aka turo makarar, ta shige har ƙarshe, ƙofa ta rufu. Liman ya ce, "Ikon Allah, kamar da gwaji aka ƙera ta."

Shi ke nan fa. Daga ranar, duk wanda aka yi wa rasuwa ƙofar Haladu yake fara bugawa. Bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa karɓar ko na mai ba, ga mota mai shan mai kamar a yashi ake zuba shi. Ya kai ta wajen mai walda aka kafa mata ƙarafa biyu dogaye a ƙasa, masu ɗan baki a gefe, don makara ta riƙa zamewa ciki a hankali, kuma kada ta yi ta kai-komo a hanya. Abin da ba na mantawa shi ne yadda yake tuƙi in ya ɗauko mamaci. A hankali, rediyo a kashe, kuma duk ramin da taya ta faɗa sai ya ɗan juya kai baya ya ce, "Sannu, Malam." In mace ce, "Sannu, baiwar Allah." In yaro ne, "Yi haƙuri, ɗana, mun kusa." Na taɓa ce masa, "Yaya, wa kake yi wa sannu? Ai ba ya ji." Ya ce, "Kai ka tabbata? To ko shi ba ya ji, ni ina ji."

Sakayyar da unguwa ta yi masa ita ce ta raɗa wa motarsa suna motar gawa. Da can in ana biki ita ke gaba wajen kai amarya, don tana kwashe mata goma da ƙwaryoyinsu. Yanzu ko katin bikin aka kawo masa sai a ce, "Malam Haladu, kai dai muke so, ba sai ka wahalar da mota ba." In ya ga maƙwabci a bakin titi cikin rana ya tsaya ya rage masa hanya, sai mutum ya ce a'a, akwai wanda yake jira. Wata rana ya je Doka gai da wani abokinsa, ya tsaya a ƙofar gidan, bai ma kashe injin ba sai kuka ya tashi daga ciki. Tsohuwar gidan ta leƙo ta ga motar, ta ɗauka gawar ɗanta aka kawo, ta zube a tsakar gida sai da aka yayyafa mata ruwa. Tun daga nan, in zai je gidan mutane, musamman dubiyar mara lafiya, sai ya ajiye motar can bakin layi ya taka da ƙafa, kamar wanda ya zo da abin kunya.

Har matarsa Talatu ta daina shiga. Ni da ita akwai wasa, irin na mace da ƙanin miji, kuma mace ce mai kirki, ba zan ɓoye ba. Amma ta gwammace ta hau acaɓa da goyo da ta zauna a motar mijinta. Na ji su da kunnena wata safiya, za ta unguwa.

Ya ce, "Talatu, shigo in sauke ki, hanyata ce."

Ta ce, "Ni? Da raina da lafiyata? Malam, yi tafiyarka. Ranar da zan shiga ba sai ka gayyace ni ba."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Wallahi dariya muka yi.

Ranar da abin ya faru ba na nan, ina Rigasa, lokacin bas nake ja. Abin da zan faɗa daga bakin Nasiru na ji shi, da bakin maƙwabtan da suka tsaya a wurin, kuma har yau babu wanda ya musa. Haladu yana da hawan jini. Ya dawo daga sallar La'asar ya zauna a benci a ƙofar gida, ya ce a kawo masa ruwa. Kofin ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, ya sulale ƙasa. Nasiru a lokacin saurayi ne, ya iya tuƙi. Da gudu ya tada motar, ya yi baya da ita har bakin zaure, ya buɗe ƙofar baya, ya jawo katifa ya shimfiɗa a kan ƙarafan nan. Ya juyo zai ɗauki ubansa sai ya tarar da uwarsa ta tare ƙofar motar da hannu biyu.

"Ba za a sa min miji a nan ba! Da ransa! Ku duba, yana numfashi!"

"Inna, asibiti za mu!"

"Na ce ba a nan ba!"

Ita dai ta ruɗe, mijinta ne kwance. Amma mazan da suka taru fa? Manya, masu furfura, waɗanda Haladu ya kai iyayensu da 'ya'yansu maƙabarta kyauta? Maimakon ɗaya ya janye ta gefe, sai suka ce, "Kai yaro, ji maganar uwarka. Ba a yi wa mai rai haka, mugun fata ne." Nasiru ya ce to a sa shi a kujerar gaba. Suka ce ai gaba da baya duk mota ɗaya ce. Wani ya ruga gidan wani mai hali a layin gaba aron mota, aka ce direba ya fita da makulli. Wani ya ɗauko tasa motar, ta mutu a kwana, babu mai. Ana ta haka, mutum yana kwance a ƙasa yana gurnani, Ba'amurkiya tana tsaye a gabansa injinta na aiki, ƙofa a buɗe, katifa a shimfiɗe. Daga ƙarshe keke mai ƙafa uku aka tare. Aka naɗe ƙaton mutum kamar tabarma aka cusa, kansa a cinyar Talatu, ƙafafunsa a waje Nasiru yana riƙe da su, ana yayyafi. Kafin su kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Na tambayi likitan da ya duba shi, na ce da an kawo shi da wuri fa? Ya ce Allah kaɗai ya sani, amma irin wannan ciwo ba ya son jira. Ni Musulmi ne, na san in kwana ya ƙare ko a jirgin sama aka ɗauke ka ba za ka ƙara numfashi ɗaya ba. Ban yi jayayya da wannan ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda ya tafi. Mutumin da ya yi shekaru yana lallaɓa matattu kada su ji jijjiga, shi ne ya cika a takure, ƙafafunsa na reto a titi.

Washegari da safe aka yi jana'iza. Mutanen nan da suka ce kada a sa shi a motar, su ne da hannunsu suka tura makararsa a kan ƙarafan da ya kafa. Babu wanda ya tare ƙofa. Nasiru ya ce ba zai iya tuƙawa ba, ni na karɓi makulli. Murɗa ɗaya ta tashi. Daga Badarawa zuwa maƙabarta ban san ramuka sun yi yawa haka ba sai ranar. Kowanne na faɗa sai na juya na ce, "Sannu, Yaya." Liman yana gefena, ya kau da kai yana kallon waje.

Bayan haka na ɗan ci gaba da fito da ita in an yi rasuwa, amma ni ba Haladu ba ne, ba ni da haƙurinsa, ba ni da aljihun da zai ciyar da ita. Tsohon bakaniken Fanteka ma ya rasu. Sai wani ɗan siyasa ya ba masallacin unguwa farar bas ta ɗaukar gawa, da hotonsa a jiki yana murmushi. Muka tura Ba'amurkiya gindin darbejiya a ƙofar gida, a nan ta zauna. Tayoyi suka sace, suka nutse a ƙasa, fenti ya tashi, gizo-gizo ya yi gida a sitiyari. Duk da haka ko yaran unguwa ba sa wasa a kanta.

Nakan tambayi kaina, da Haladu zai leƙo yau me zai ce? Zai ga gadar sama a Kawo ya yi murna, shi mai son titi ne. Zai tsaya a gidan mai ya ji farashi ya riƙe baki, ya gane ko shi yanzu ba zai iya abin da ya yi ba. Zai ga jana'iza ta koma wurin ɗaga waya, ana binne mutum ana ɗaukar hoto, motar haya tana jiniya tana gudu da gawa kamar an biyo ta. Kamfaninsa kuwa yana nan bai mutu ba, duk da ƙananan motocin Japan sun cinye masa kasuwa a nan tun da daɗewa. Nakan ga tambarin jefi-jefi a goshin wasu manyan motoci masu baƙin gilashi, suna rakiyar manya, suna korar kekena gefen kwalbati. Ban san yadda zai haɗa wannan da labarin ɗan manomin da ya ce mota ta talaka ce ba. Na ji a rediyo wai yanzu har masu aiki da lantarki suke ƙerawa, babu fetur, babu ƙara. Na san zai so ya gani. Na kuma san zan ce masa, "Yaya, da wace wutar?" shi kuma zai ce ban taɓa ganin alheri a komai ba.

Da Nasiru ya zo mini da maganar 'yan gwangwan, ban tsaya sauraro ba. Na ce masa ɗan yau ne, ya ga ƙarfe ya ga kuɗi. Na faɗa masa maganganu masu zafi, ya sunkuyar da kai har na gama. Sannan ya ce, "Baffa, kai in ka zo motar Baba kake gani. Ni kullum na fito da safe, ƙofar bayan nan nake gani a buɗe, da katifa. Ni na buɗe ta. Inna kuwa tun ranar ba ta sake fita ta ƙofar gaba ba. Ta lungun bayan gida take zagayawa, ta kan kwata, ga ciwon gwiwa. Kai ba ka lura ba?"

Ban lura ba. Amma ban sauko ba. Na ce wannan motar ita ce kaɗai shaidar da ta rage a unguwar nan cewa an yi wani mutum wai shi Haladu, kuma ina so duk wanda ya tsaya a wurin ranar nan ya riƙa ganinta kullum in zai je masallaci. Gaskiyar magana ke nan. Ba don ƙauna kaɗai nake so ta zauna ba, so nake ta tsaya musu a ido.

Ranar Asabar da ta wuce da hantsi suka zo, su uku, da tukunyar gas da abin yanka, da tsohuwar babbar mota. Na riga su zuwa. Na hau kan bonet na zauna, ni da furfurata. Babbansu, wani Bakano mai fara'a, ya ce, "Baba, har da kai aka sayar mana? Ai ba ma sayen mai motsi." Na ce ya matso ya gani. Mutane suka fara taruwa, har da biyu daga cikin tsofaffin nan, yanzu da sanduna. Nasiru yana tsaye ya rasa abin yi.

Sai muka ji an buɗe ƙofar zaure. Talatu ce, ta ƙofar gaba, tana dafa bango. Ta tsufa fiye da shekarunta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon motar, sannan ta dube ni.

"Isuhu, sauko. Ka girmi wannan. Zo ka buɗe min bayan."

Na ce, "Yaya Talatu, me za ki yi?"

"Ka buɗe dai, mijin banza, kullum sai ka yi musu."

Rabon da ta kira ni da wannan sunan wasa tun Haladu na da rai. Na sauko. Ƙofar ta yi tsatsa, sai da Nasiru ya kama mini muka ja. Ƙura, busassun ganyen darbejiya, da ƙarafan nan biyu suna nan yadda suke. Ta cire takalmanta ta ajiye a gefe kamar za ta shiga ɗaki. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce, "Hajiya, subhanallahi, me kike yi haka?" Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta dafa kafaɗar ɗanta ta hau, ta ja jiki ciki, ta kwanta rigingine tsakanin ƙarafan, ta gyara mayafinta.

'Yan gwangwan ma suka ajiye kayansu.

Daga ciki muka ji muryarta. "Nasiru, a nan za ka kwantar da shi?"

"A nan, Inna."

"Kansa ta ina?"

"Ta can, kusa da ni. Don in riƙa jin numfashinsa ina tuƙi."

Ta miƙa ƙafafunta har iyakarsu, ba su ko kusa da ƙofa ba. Ta miƙa hannu ta taɓa gefe da gefe.

Ta ce, "Ashe da fili haka. Da ya miƙe ƙafarsa."

Ba ta yi kuka ba. Nasiru ne ya juya ya kifa goshinsa a jikin darbejiya. Ta ɗan ƙara jimawa, sannan ta ce a tashe ta. Muka sauko da ita, ta sa takalmanta, ta kaɗe mayafi. Ta dubi tsofaffin nan biyu ta ce, "Kun gani, na shiga na fito." Sannan ta ce da Bakanon, "Ɗana, ku ɗauka." Ta koma ciki ta ƙofar gaba.

Ni da na ce sai an fara ta kaina, sai na matsa gefe. Wadda ta fi ni haƙƙi ta yi magana, kuma abin da nake so motar ta faɗa wa unguwa, ta riga ta faɗa da bakinta. Abu ɗaya na roƙa, na ce su fara yanko mini ƙarafan nan biyu. Duk jikin motar a Amurka aka ƙera shi, waɗannan ne kaɗai aikin Haladu. Na kai wa direban bas ɗin masallaci, don ya sha yin ƙorafin makara na zame masa a kwana. An kafa su shekaranjiya. Hoton ɗan siyasa yana waje, ƙarafan Haladu suna ciki, inda mamaci ke kwanciya. Babu sunansa a jiki, shi ma ba zai so a sa ba.

Bai bar gida na biyu ba, bai bar fili ba, motar ma yanzu ta tafi inda za a narka ta. Kamfanin da ya yi wa kirari duk rayuwarsa bai san an yi shi ba. Unguwar da ya yi wa hidima ta guje shi yana raye, ta takure shi yana mutuwa. Ban ce na huce ba, kada wani ya karanta wannan ya zo yana ba ni haƙuri. Amma akwai abin da na gani ranar Asabar ɗin nan da nake so in ajiye a nan.

Da suka gama yanka suka loda ta gunduwa-gunduwa, babbar motar ta ja a hankali. A bakin layinmu akwai wani rami da ya girmi wasu magidantan unguwar. Tayar baya ta faɗa ciki, ƙarafan Ba'amurkiya suka yi tsalle suka yi ƙara. Kafin in san na buɗe baki, na ji na ce, "Sannu."

Ashe ba ni kaɗai na faɗa ba. Nasiru ma ya faɗa, a daidai lokacin, da irin muryar ubansa.

Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi fili ya miƙe ƙafa.